Yadda Ake Tsarawa da Rubuta Labarin Soyayya Mai Fargaba Bisa Bangaskiyar Kirista

Tambaya: Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa tana son rubuta ƙagaggen labari na soyayya mai cike da fargaba, wanda aka gina kan bangaskiyar Kirista. Ta sha farawa, amma da ta kai babi na shida ko na bakwai sai labarin ya tsaya cak. Ko dai soyayyar ta cinye komai, ko kuma rubutun ya koma wa'azi. Tana son sanin ta ina ake farawa, kuma yaya ake kai shi ƙarshe.

Amsa: 'Yar'uwa, abin da ke tsayar miki da labari a babi na shida ya samo asali ne tun kafin ki rubuta babi na ɗaya. Irin wannan littafi yana ɗauke da zare uku: haɗarin da ke bin tauraruwa, soyayyar da ke tsirowa tsakaninta da tauraro, da abin da ke tsakanin kowannensu da Allah. Yawancin masu farawa sukan tsara ukun daban-daban, su riƙa ba kowanne babinsa. Yau an biyo ta da mota, gobe hira a gindin mangwaro, jibi sujadar Lahadi. Marubuciyar ce kan fara gajiya kafin mai karatu, domin babu zaren da ke tura ɗan'uwansa gaba. Babban aikin tsari shi ne ki samo ciwo guda ɗaya a zuciyar tauraruwa, wanda haɗarin zai fama, soyayyar ta fama, bangaskiyar ma ta fama.

Yana da kyau ki san inda ƙa'idojin wannan nau'in rubutu suka kafu, wato kasuwar littattafan Kirista ta Amurka. Kamfanin Harlequin ya buɗe jerin Love Inspired a 1997, sannan a 2005 ya ƙara reshen Love Inspired Suspense domin labaran soyayya masu haɗari. Tsawon da suke nema kalmomi 55,000 ne, kuma suna son haɗari ya bayyana tun shafukan farko, taurarin biyu su haɗu da wuri, a raba nauyi tsakanin soyayya da fargaba, ba batsa, ba ashar, ba zubar da jini filla-filla. Kamfanoni irin su Bethany House da Revell da Tyndale suna buga masu tsawo, galibi kalmomi 80,000 zuwa 90,000. Ko da Hausa za ki rubuta, ina ba ki shawarar ki ɗauki ma'aunin 55,000 a littafinki na farko. Gajeren ma'auni ba ya barin wurin ɓuya, dole kowace fitowa, wato yankin babi da ke faruwa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ta biya kuɗin zamanta.

Ki fara da mugu, ba da masoyan ba. Na san zuciya ta fi karkata ga masoyan, amma mugu ne yake ƙera labarin. Ki ɗauki shafi biyu ki rubuta abin da ya aikata kafin littafin ya buɗe, dalilinsa, abin da zai rasa idan asiri ya tonu, wa ya san sirrinsa, da kuma ranar da dole ya gama rufe bakin kowa. Wannan ranar ita ce agogon littafin. Ga misali da za mu yi aiki da shi: wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin mishan ta lura cewa yara uku da aka yi wa allurar zazzaɓin cizon sauro daga kwali ɗaya ba su samu sauƙi ba, ɗaya ma ya rasu. Maganin jabu ne. Wanda ke kawo wa asibitin magani dattijo ne a ikilisiya, kuma shi ya biya mata kuɗin makarantar koyon jinya bayan rasuwar mahaifinta. Nan da kwana tara masu bincike za su zo duba ɗakin ajiyar magani. Yana da kwana tara ya ɓatar da kwalayen da takardun shigar kaya, ita kuma ta riga ta ɗauki kwalba ɗaya da hoton lambar rukunin maganin.

Ki lura da abin da na yi da mugun: daga cikin gida na ɗauko shi. Akwai hanya mai sauƙi da take jan marubuta a ƙasarmu, wato a ɗauko mugu daga wani addini ko wata ƙabila. Ina roƙonki ki guje ta. A wurare irin su Jos da Kaduna mutane sun binne 'yan'uwa saboda irin wannan zanen, kuma littafin da ke ɗauke da sunan Almasihu bai kamata ya ƙara itace a wannan wuta ba. Ta fuskar sana'a ma hanyar ba ta da ƙarfi. Baƙon da ke tsoratarwa an san shi tun daga nesa, amma mutumin da yake zama a kujerar gaba kowace Lahadi, wanda uwar tauraruwa ke kira Baba, shi ne zai hana mai karatu barci. Kuma kada ki mai da shi shaiɗan tsantsa. Ki ba shi hujjar da yake faɗa wa kansa: bashi ya ci shi, da ribar ya yi wa majami'a rufi, bai taɓa nufin wani ya mutu ba.

Sai ki koma kan tauraruwa ki tambayi kanki ƙaryar da ta yarda da ita game da Allah da mutane. A misalinmu, tun tana ƙarama ta koyi cewa duk alheri bashi ne, ana bin sa daga baya. Haka take ɗaukar dattijon, haka take ɗaukar Allah, shi ya sa take hidima a coci kamar mai biyan bashi, ba ta taɓa hutawa ba. Yanzu ki ga yadda abu ɗaya yake riƙe ukun. Haɗarin yana neman ta tona wanda take ganin ya saye ta da alheri. Soyayyar tana neman ta karɓi taimakon namiji ba tare da ta lissafa abin da za ta biya ba. Bangaskiyar kuwa tana neman ta gane cewa alherin Allah kyauta ne. Duk fitowar da ta taɓa ɗaya za ta girgiza sauran biyun, kuma ba sai kin sa kowa ya tsaya ya yi bayani ba.

Tauraro ma yana buƙatar nasa ciwon, kuma ya zama mai gogar nata. A ce tsohon ɗan sanda ne da ya bar aiki bayan ya yi shiru a kan wani rahoton ƙarya, wani marar laifi ya sha ɗauri. Shi yana ganin ba a gafarta wa irinsa, don haka yana son ya fanshi kansa ta hanyar ceton ta ko da ransa. Ita ba ta son a cece ta, domin ceto bashi ne. Wannan saɓani ya isa ya riƙe babi ashirin. Saɓanin da ba ya riƙe komai shi ne na rashin fahimta, irin wanda magana ta minti biyu za ta warware, kamar ta gan shi da wata mace ashe ƙanwarsa ce. Ki kuma tanadi dalili mai ƙarfi da ya sa dole su kasance tare, da dalilin da ya sa ba za ta je ofishin 'yan sanda kawai a gama ba. Wannan tambaya mai karatu zai yi ta tun babi na biyu. Amsa mai kyau: ta je, ta ba da bayani, kuma kafin ta isa gida dattijon ya san duk abin da ta faɗa.

Akwai wata matsala da ke cikin jinin wannan nau'in rubutu. Fargaba tana son gajeren lokaci, kwana uku zuwa goma. Soyayyar da za a yarda da ita tana son dogon lokaci. Hanya biyu ake bi. Ko dai a ba su tarihi, sun taɓa sanin juna, wataƙila a ƙungiyar matasa ko ta mawaƙa, har an taɓa maganar aure ta lalace. Ko kuma a ƙare littafin a kan alkawari, sannan a ƙara ɗan gajeren babi bayan wata shida ko shekara. Idan labarinki a cikin al'ummarmu yake, na biyun ya fi dacewa, domin aure yana bi ta gaisuwar iyaye, da sanin fasto, da gwaje-gwajen asibiti da coci-coci da yawa suke nema. Haka kuma abin da marubutan Amurka suke yi, na ɓoye namiji da mace su kaɗai a wani gida cikin daji, a nan zai ɓata wa tauraruwa suna, mai karatu kuma ya sani. Ki sa mutum na uku a gidan: gwaggonsa, ko wata gwauruwa daga Zumuntar Mata. Za ki ga ma ta zama mai amfani, domin ita za ta faɗi abin da masoyan suka kasa faɗa.

Yanzu lissafi. Kalmomi 55,000 a babi 20 ya kama kusan 2,750 kowane babi, wato fitowa biyu ta kalmomi 1,300 zuwa 1,400. Fitowa 40 ke nan. Ba sai kin san arba'in ɗin duka kafin ki fara ba, amma akwai guda shida da ba na so ki fara ba tare da su ba. Babi na 1: haɗari ya taɓa ta a zahiri, an fasa ɗakinta ana neman kwalbar, kuma tauraro ya shigo kafin babin ya ƙare. Wajen babi na 5: ƙofar komawa ta rufe, an dakatar da ita daga aiki bisa zargin ita ta saci magani. Babi na 10, tsakiya: wata gaskiya ta juya labarin, ta ga sa hannun dattijon a takardar shigar kaya, kuma daga nan sun daina gudu sun fara farauta. A nan ne ma ya kamata su fara furta abin da ke zuciya. Babi na 15 ko 16: komai ya rushe lokaci guda, shaidar ta ɓace, ta gano cewa wanda aka ɗaure saboda shirun tauraro ɗan'uwanta ne, addu'a kuma ta bushe a bakinta. Babi na 18 da 19: gaba da gaba da mugu. Babi na 20: hukunci, sulhu, alkawari. Ki fara tsara babi na 18, sannan ki dawo baya kina tambayar me dole ya faru kafin wannan ya yiwu.

Kowace fitowa ki ba ta kati ɗaya, ko layi biyar a littafin rubutu: ta idon wa ake gani, me yake so a nan, me ya tare shi, me ya canza kafin a fita, da wace tambaya aka bar mai karatu. Idan layi na huɗu ya zama "babu komai", ki jefar da katin. A gefe kuma ki zana jadawalin kwana taran nan gida biyu, ɗaya na abin da taurari ke yi, ɗaya na abin da mugu ke yi a daidai lokacin, ko da ba za a nuna shi ba. Wannan jadawali shi ne maganin babinki na shida. Kusan duk lokacin da tsakiyar littafi ta mutu, mugu ne ya zauna yana jira. Ki koma gidansa a jadawali ki tambaya: me ya sani yanzu, kuma me mutum mai tsoron tonon asiri zai yi a daren nan? Matsin kuma ya riƙa hawa mataki-mataki. Da farko lallashi ta bakin uwarta, sannan ɓata suna, sannan raba ta da aiki, sannan barazana ga ƙanenta, sai a ƙarshe neman ranta. Idan kin fara da harbi a babi na 2, ba ki da abin da za ki ƙara a babi na 12, sai maimaici.

Alamomin da ke kai ga mugu su ma suna son nasu jeri: mene ne alamar, a wane babi aka dasa ta, wa ya gani, wace fassara ta kuskure aka yi mata, a ina aka gane gaskiyarta. Mutum uku da ake zargi sun isa, kowanne da abin da yake ɓoyewa wanda ba shi ne laifin ba. Kada ki ɓoye wa mai karatu abin da tauraruwa ta sani alhali muna cikin kanta, wannan ha'inci ne kuma ba a yafe shi. Wayar hannu kuma ki yi shawara a kanta tun farko. An yarda caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke sau ɗaya a littafi. Na biyu ya zama lalaci.

Bincike ya zama na abin da fitowarki ke buƙata kawai, amma ya zama daidai. Idan maganin jabu ne, ki san cewa a Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da alhakin kula da ingancin magunguna, an kafa ta a 1993, kuma lambar rajista da lambar rukuni da ke jikin kwali abubuwa biyu ne daban. Idan za a kama wani, ki san cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan babu, sannan ki nuna tazarar da ke tsakanin doka da abin da ke faruwa. Idan a Amurka kika ajiye labarin, kuskuren da ya fi yawa shi ne ba hukumar FBI aikin ɓoye masu ba da shaida don kare rayukansu, alhali jami'an U.S. Marshals ne ke gudanar da wannan shiri tun 1971. Hira ta awa ɗaya da ma'aikaciyar jinya ta gaske za ta ba ki abin da intanet ba zai ba ki ba: warin ɗakin, yadda ake miƙa aiki da asuba, abin da ake yi idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sa ruwa.

Zaren bangaskiya shi ne wanda aka fi lalatawa, kuma da kyakkyawar niyya ake lalata shi. Doka ta farko: kada mu'ujiza ta warware ƙullin da marubuciya ta kasa warwarewa. Mun gaskata Allah yana amsa addu'a, amma idan a babi na 19 bindigar mugu ta ƙi tashi saboda an yi addu'a, mai karatu zai ji an yaudare shi, kuma a ɓoye an koya masa cewa masu bi ba sa mutuwa, alhali yaron da ya rasu a babi na 1 ma an yi masa addu'a. Bari amsar addu'a ta bayyana a matsayin ƙarfin zuciyar yin abin da da ba za ta iya ba. A misalinmu, tana tsaye gaban dattijon yana lissafa mata duk abin da ya kashe a kanta, ita kuma a karon farko ta iya cewa ta gode, kuma ba ta sayar masa da bakinta ba. Wannan shi ne ƙololuwar zaren bangaskiya, kuma shi ne ƙololuwar haɗarin, a shafi ɗaya.

Addu'ar mai gudu gajeriya ce, kalma biyar ko shida, wani lokaci ma ba ta ƙarewa. Aya ɗaya ko biyu sun isa littafin duka, a bar ta ta riƙa dawowa tana canza ma'ana a kunnen tauraruwa. Ki zaɓi fassarar Littafi Mai Tsarki guda ɗaya ki tsaya a kanta, domin lafazin tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ya bambanta da na sababbi, kuma ki duba shafin farko na wadda kika zaɓa don ganin sharaɗin ɗauko ayoyi. Idan dole a shiga coci, kada wa'azin ya wuce layi huɗu, sauran fitowar ta zama abin da ke faruwa a kujeru: wa ke kallon wa, wa ya ƙi miƙa hannu lokacin gaisuwa. Gafara kuma kada ta share hukunci. Tauraruwa za ta iya gafarta wa dattijon kuma ta ba da shaida a kansa a kotu, domin uwar yaron da ya rasu ita ma tana cikin ikilisiyar. Sannan ki yi hattara da tauraron da ya tuba a babi na 19 don kawai a ba shi mata. Masu karatunki sun san 2 Korintiyawa 6:14, ayar da ta hana mai bi haɗa kai da marar bi, kuma suna gane tuban da aka yi don biyan buƙata. Ya fi sauƙi da gaskiya ki sa shi mai bi ne da ya yi nisa.

Wajen rubutun farko, ki yi amfani da idanu biyu kawai, nata da nasa, fitowa ɗaya kai ɗaya. Al'adar da ta yaɗu a littattafanmu na intanet, inda marubuciya ke leƙo kai ta ce "ni kuwa na ce", tana da daɗi a labarin barkwanci, amma a nan tana kashe tsoro nan take, domin tana tuna wa mai karatu cewa akwai mai riƙe da alƙalami. A fitowar gudu, gajerun jimloli, abin da ido ya gani da abin da jiki ya ji. Kada su tsaya yaba kyawun juna ana binsu a baya. Soyayyar tana girma ne a numfashin da ke tsakanin haɗari biyu, kuma tunda ba za ki nuna jiki ba, ƙarfinta yana cikin abin da aka lura da shi: ya gane ba ta ci abinci ba tun jiya, ta gane yana kwana a zaune bakin ƙofa. Kalma 500 a rana za ta kai ki ƙarshe cikin kwana 110, kalma 1,000 cikin kwana 55. Kada ki koma gyara babi na 1 kafin ki rubuta na 20. Idan kin canza wani abu a hanya, ki sa alama a gefe ki ci gaba kamar an riga an gyara.

Bayan kin gama, ki ajiye shi mako uku. Sannan ki buga a takarda, ki ɗauki biro kala uku, kowane zare da kalarsa, ki ja layi a gefen shafi. Duk inda kala ɗaya ta ɓace fiye da babi biyu, akwai rami. Duk fitowar da ke da kala ɗaya tak, ki duba ko za a haɗa ta da maƙwabciyarta. Zagaye na biyu na jadawali ne: ranaku, nisan tafiya, raunin da aka ji a babi na 8 da bai kamata ya warke a na 9 ba. Na uku ki karanta hirarraki da babbar murya. Daga nan ki ba mutum uku: mai yawan karanta irin waɗannan littattafai, mai sana'ar da kika rubuta a kanta, da wani dattijon bangaskiya da ba ya jin nauyin gaya miki gaskiya. Ki tambaye su shafin da suka ajiye littafin, da babin da suka gane mugun.

Idan da Turanci kika rubuta kuma kamfani kike nufa, za su nemi taƙaitaccen labarin da ya bayyana har ƙarshensa da sunan mugun, kuma manyan kamfanonin Kirista na Amurka galibi ta hannun wakilin marubuta suke karɓa. Idan kuwa a WhatsApp ko Wattpad za ki riƙa sakinsa babi-babi, kada ki saki na farko sai kin gama na ƙarshe. Labarin soyayya zalla yana jure a rubuta shi ana sakinsa, amma a nan sau da yawa sai a babi na 17 za ki gano cewa akwai alamar da dole a dasa a babi na 3, kuma babin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya gyaruwa.